Kasafin Kuɗin Jere Da Gyaran Ɗaki: Abin Da Za Ki Shirya Kafin Ki Kira Mai Tsara Ɗaki

Iyayena da yayyena 'yan ƙungiya, darasin nan a kan kuɗin ɗaki ne. Ko ɗakin amarya da za a yi wa jere, ko ɗakin uwargida da ya tsufa ake son sabunta shi, ko ɗan shagon ɗinki ko na kitso da ake son gyarawa don masu zuwa su ji daɗin zama.

Wata za ta ce, me ya haɗa littafin adashi da gado da labule? Akwatinmu ne ya haɗa su. A zagayen da nake yi cikin ƙungiyoyi na lura da zarar kaka ta yi, amfani ya shigo gida, aka fara sa ranakun biki, sai masu neman rance su ƙaru, kuma da yawa kayan ɗaki ne dalili. Mace ta shekara tana zubi mako-mako, ta hana kanta abubuwa, sai ɗaki guda ya lashe kuɗin cikin sati biyu, har ya bar ta da bashin da za ta kai wata daminar tana biya.

Yi wa 'ya kayan ɗaki abin alheri ne, kowace uwa tana son ta fita kunyar 'yarta. Abin da nake so mu riƙe guda ɗaya ne: kuɗin da ke hannunki shi zai tsara ɗakin, ba hoton da aka nuna miki a waya ba.

WACE CE MAI TSARA ƊAKI?

Da can jere aikin dangi ne. Gwaggonni da ƙannen uwa da ƙawaye su ne za su je su share, su jera kwanuka da tasoshi, su gyara gado, ladansu abinci da goro da godiya. Har yanzu ana yin haka a garuruwa da dama, kuma babu laifi a cikinsa. Amma yanzu an samu waɗanda suka mai da abin sana'a. A birni ana ce musu masu dekoreshan, wasu su ce masu jere. Akwai maza akwai mata, amma a nan zan riƙa cewa "ta" don sauƙin magana.

Mai tsara ɗaki ba kafinta ba ce, ba mai fenti ba ce. Aikinta ta duba ɗaki, ta auna, ta ba da shawarar kala da irin kayan da suka dace da inda kowane zai zauna, sannan ta haɗa kafinta da mai fenti da telan labule ta tsaya a kansu har a gama. Idan kin samu ta kirki, za ta hana ki sayen abin da ba zai shiga ɗakin ba, kuma ta san inda kaya ke da sauƙi. Sai dai ita ma abinci take nema, don haka dole ki san ta ina kuɗinta yake fitowa. Hanyoyi uku aka fi bi:

1. Kuɗin aiki a yanke. Ta ce aikina kaza ne, kaya kuma ke za ki saya. Wannan ya fi sauƙin lissafi, kuma shi nake ba mata shawara.

2. Kaso daga kuɗin kaya. Misali ta ce za ta ɗauki 10 cikin 100 na duk abin da aka saya. Ki lura da kyau a nan: in kaya suka ci N385,000, nata N38,500 ne. In suka ci N500,000, nata ya zama N50,000. Wato duk yadda kika ƙara kashewa, haka take ƙara samu. Ba lallai ta cuce ki ba, amma ba ta da dalilin taya ki tsimi.

3. Kwangila gaba ɗaya. Ki ba ta kuɗi a dunƙule, ta kawo komai, ribarta tana ciki. Akwai hutu a nan, amma in ba a rubuta irin kayan ɗaya bayan ɗaya ba, ba ki da bakin magana ranar da aka kawo miki katifar da ba ita kike nufi ba.

Ban da waɗannan, wasu masu shago suna ba ta la'ada in ta kawo musu mai saye. Ba abin kunya ba ne ki tambaya. Ki ce, "Hajiya, shagon nan da za mu je, suna ba ki wani abu ne?" Mai gaskiya za ta faɗa miki.

MATAKI NA ƊAYA: KI SAN ABIN DA KE HANNUNKI

Tun kafin ki kira kowa, ki zauna da takarda. In ba kya rubutu, ki roƙi magatakardar ƙungiya ko ɗanki da ke makaranta. Ki raba kuɗin gida uku:

Na hannu: wanda yake ajiye yanzu, kina iya taɓa shi.

Na tabbas: wanda kika san ranar zuwansa, kamar rabon ƙarshen zango na ƙungiya, ko kwasar adashinki, ko abin da maigida ya ce zai bayar kuma ya sa rana.

Na sa rai: gudummawar biki, alƙawarin ɗan'uwa da ke birni, da "in na samu zan aiko".

Na hannu da na tabbas kaɗai za ki haɗa. Na sa rai kada ya shiga lissafi ko kaɗan. In ya zo, alhamdu lillahi, ya zama ƙari. In bai zo ba, aikinki bai tsaya ba.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa saboda ɗaki: jarin sana'arki, hatsin da gida zai ci har damina, kuɗin makarantar yara, irin shuka, da akuya ko tunkiyar da ke haihuwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matar da ta sayar da jarin ƙuli-ƙulinta ta sayi kujeru, da me za ta yi zubi mako mai zuwa?

Daga jimlar da kika samu, ki cire 10 cikin 100 ki ajiye gefe don abin da ba a zata ba. Abin da ya rage shi ne iyakarki. Ki rubuta shi da manyan lambobi a saman takardar.

Sannan a warware maganar wa zai yi me. A wurare da yawa a ƙasar Hausa, samar da ɗaki na miji ne, kayan ciki kuma na iyayen amarya. To gyaran rufi fa? Ƙofa da taga, yaɓe, daɓe, fenti? A yi maganar nan tsakanin manya tun da wuri, cikin mutunci. In aka yi shiru, sai ana saura kwana biyar biki uwar amarya ta tsinci kanta tana sayen siminti da kuɗin katifa.

MATAKI NA BIYU: KI RABA DOLE DA ƘAWA

Ki jera duk abin da ake so, sannan ki sa kowane a layinsa.

Layin dole: abin da ba a zaman gida sai da shi. Gado ko katifa, filo da zanin gado, gidan sauro, tukwane da kwanukan cin abinci, bokiti da baho, abin shimfiɗa a ƙasa, labulen ƙofa da na taga, fitila, wurin ajiye tufafi.

Layin "in da hali": kujeru, madubi mai durowa, kabad ɗin jera kwanuka, kuloli, kafet.

Layin ƙawa: furannin roba, takardar manna wa bango, fitilu masu kala, silin mai ado, tangaran ɗin da ba za a taɓa ci a ciki ba.

Ƙa'idar ita ce, ba a taɓa layi na biyu sai na farko ya cika, ba a taɓa na uku sai na biyu ya samu. Ki zauna da amaryar ku yi wannan tare. 'Yan mata suna ganin hotuna a Facebook da WhatsApp, kuma yawancin ɗakunan nan na gidajen birni ne masu faɗi da wuta. Ki nuna mata iyakar kuɗin, ki ce ta zaɓi abu ɗaya da ranta ya fi so a layin ƙawa. Idan da ita aka yanke, ba za a yi kukan "an rage mini" daga baya ba.

MATAKI NA UKU: A GA ƊAKI, A AUNA

Kada ki yarda da farashin wadda ba ta taka ƙafarta ta ga ɗakin ba. A je da tef ɗin awo, a auna tsawo da faɗi, da taga, da ƙofa. Ga abubuwan da awo yake hanawa:

Gado. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in aka sa gado mai ƙafa 6 da 6, ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan ɗakin. In aka ƙara sif da kujeru, ina za a shimfiɗa darduma a yi salla? Gado mai ƙafa 6 da 4 da rabi ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki, katifarsa ma ta fi sauƙi. A auna ƙofa da zaure kuma, don an sha kawo kaya su ƙi shiga.

Labule. Don ya yi tattara mai kyau, faɗinsa yakan ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Taga mai ƙafa 4 tana son faɗin ƙafa 6 zuwa 8. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. To in aka rubuta miki yadi 10 a kan taga guda, ki tambayi dalili.

Ƙasa. In tayil za a sa, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya ɗan haura murabba'in mita 13. Ana ƙara 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, wato a nemi kamar mita 15. A jikin kwalin tayil ana rubuta yawan mitar da yake rufewa, a duba a lissafa. In leda ce, a tabbata daɓen ya yi sumul, don ƙasa mai tsakuwa tana huda leda cikin 'yan watanni.

Bayan awo, a dubi lafiyar ɗakin kansa. Rufi yana yoyo? Bango yana jan danshi da damina? Akwai gara? Akwai wutar lantarki? Amsar waɗannan ita za ta nuna abin da bai kamata a saya ba. Takardar bango ba ta zama a bangon ƙasa ko mai danshi, ɓarewa take yi. Farar ƙasa ko fenti mai sauƙi ya fi mata. Sabon yaɓen siminti in bai bushe sosai ba aka shafa fenti, ɓawo zai yi ya zube. Silin mai tsada a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo asara ce. Kayan da aka yi da allon garin katako, wanda kafintoci ke kira MDF, suna da kyan gani amma suna kumbura in suka sha ruwa, don haka a ɗaga su daga ƙasa, kuma kada a manna su da bangon da ke jiƙa. Fitilar ado a garin da ba wuta kuwa, gara a sayi ƙaramar fitila mai cajin rana.

Aiki yana da jeri: rufi, sai bango, sai ƙasa, sai manyan kaya, ado a ƙarshe. Duk wadda ta ce a fara da ado, ba ta duba ɗakin ba.

MATAKI NA HUƊU: ZAMA DA MAI TSARA ƊAKI

Mata da yawa suna ɓoye abin da suke da shi, wai kada a cinye duka. Na fahimci tsoron, amma in ba ki faɗi iyaka ba, za ta tsara miki ɗakin da ya fi ƙarfinki, ki zo kina jin nauyin cewa a rage. Ki faɗi iyakarki, ban da kuɗin da kika ajiye gefe. Wannan kam tsakaninki da akwatinki ne.

Ki ce mata a fili: "Hajiya, abin da nake da shi ke nan, har da kuɗin aikinki da na mota. Me zai yiwu a cikinsa?" Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da 'yar ƙungiya ɗaya da ta iya ciniki ko karatu.

Ga tambayoyin da za ki yi:

- Ta wace hanya ake biyan ki, kuma nawa ne?
- Zuwa ganin ɗaki da awo akwai kuɗi, ko yana cikin kuɗin aiki?
- Wa zai sayi kaya, ni ko ke? Zan ga rasit?
- Wa zai biya kafinta, mai fenti da tela?
- In kaya suka lalace a hanya, ko aiki bai yi kyau ba, wa zai gyara?
- Farashin nan zai tsaya har zuwa yaushe?
- Ina ɗakin da kika taɓa yi kusa da nan da zan je in gani da idona?

Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci. Hoto a waya kowa yana iya samu. Ki je ki ga aikin da ya shekara, ki tambayi mai ɗakin yadda suka rabu.

Sai ta ba ki ƙiyasi a rubuce, kowane abu da layinsa: sunansa, girmansa, yawansa, kuɗinsa. "Kayan ɗaki, kaza" ba ƙiyasi ba ne. Da takardar a hannu, ku biyu ku shiga kasuwa ku ji farashin manyan kaya a shago biyu ko uku. Masu sayayya a Kano sun san yadi da labule a Kantin Kwari ake nema, kayan roba a Ƙofar Wambai, kayan gini a Ƙofar Ruwa. Amma ki haɗa da kuɗin mota kafin ki ce birni ya fi araha. Wani lokaci kafintan garinku ya fi, don in ƙafar gado ta karye, ga shi nan kusa.

MISALIN KASAFI

Lambobin nan na koyon lissafi ne kawai. Farashi yana canzawa, kuma na kowane gari daban, don haka ki sa na kasuwarku.

A ce na hannu da na tabbas sun kama N500,000.
Ajiyar gefe, 10 cikin 100: N50,000
Iyakar da za a faɗa wa mai tsara ɗaki: N450,000

Gado: N120,000
Katifa, filo da zanin gado: N90,000
Tukwane, kwanuka da kayan girki: N70,000
Wurin ajiye tufafi: N50,000
Labule da sandarsa da ɗinki: N30,000
Leda: N25,000
Mota da 'yan dako: N25,000
Kuɗin aikin mai tsara ɗaki: N40,000
Jimla: N450,000

Kin ga babu kujeru a ciki. In gudummawa ta shigo, ko aka gama aiki ajiyar gefe tana nan, sai a saya. In ba haka ba, amarya ta tare da abin da ya samu, kujeru su biyo baya. Ba a taɓa fasa aure don kujera ba ta iso ba.

KUƊAƊEN DA AKE MANTAWA

Ba manyan kaya ne suka fi karya kasafi ba, ƙananan da ba a rubuta ba ne. Kuɗin a-kori-kura da 'yan dako wajen lodi da saukewa. Kuɗin motar mai tsara ɗaki duk zuwan da za ta yi. Abincin ma'aikata da na 'yan jere. Ƙusa, gam, burushi, ƙugiyar labule, kwado. Man janareta in kafinta zai yi aiki da inji. Cajin mai POS duk lokacin da aka cire ko aka tura kuɗi. Katin waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban layi a kowane lissafi, musamman gare mu da muke nesa da birni. Don haka a yi ƙoƙari a kwaso kaya a tafiya ɗaya. In mata biyu a ƙungiya suna da biki kusa da juna, su haɗa mota.

YARJEJENIYA DA YADDA ZA A BIYA

Komai kusancinku, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa, a yi ta kwafi biyu. A sa:

- sunayenku da ranar da aka yi magana
- jerin kaya da aiki, da kuɗin kowane
- ranar farawa da ranar gamawa
- yadda za a biya
- cewa ba za a ƙara komai ba sai da yardarki
- sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu

Ranar gamawa kada ta zama ranar jere. A sa ta aƙalla mako biyu kafin biki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai gaggawa ba ta ciniki, duk abin da aka ce mata biya take yi.

Kada ki biya duka a farko. Ki raba kuɗin aiki uku. In N40,000 ne, ki ba da kafin alƙalami N15,000, in aiki ya yi rabi ki ba da N15,000, cikon N10,000 sai kin duba kin gamsu. Kafinta ma haka: ki ba shi na katako, ki riƙe wani abu har ya kawo ya haɗa. Manyan kaya kamar katifa, ya fi kyau ki biya a shago da hannunki ko a gaban wakiliyarki.

Duk abin da kika bayar ki rubuta a ranar: nawa, wa, don me, gaban wa. Takardar da mai POS ke bayarwa rubutunta yana gogewa bayan ɗan lokaci, don haka ki kwafe a littafi ko a ɗauki hotonta.

Sai maganar "a ƙara". Ana cikin aiki za ki ji, "Inna, da an sa fure a nan da ya fi kyau." Wataƙila gaskiya ne. Amsarki ita ce, "Nawa ne? Me za mu cire a madadinsa?" Abu ya shiga, abu ya fita, jimla ba ta motsi. Ajiyar gefe kuma ta tashin farashi ce da abin da ya fashe, ba ta sabon sha'awa ba.

RANCE DAGA AKWATI: A YI KO KADA A YI?

Nan ne zuciyar darasin. Tsarin akwati mai kwado uku da muke bi ya samo asali daga Mata Masu Dubara a Jamhuriyar Nijar, wanda ƙungiyar CARE ta fara a 1991. Abin da ya riƙe shi har yau shi ne kuɗi yana fita yana dawowa a kan lokaci. A yawancin ƙungiyoyi mace tana iya rantar har ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin 'yan watanni. Ku duba dokar taku ƙungiyar.

Amma a ce kina da damar ranta, ba shi ne kina da halin biya ba. Rancen da aka sayi gyaɗa aka yi mai da ƙuli-ƙuli, shi yake biyan kansa. Gado ba ya kawo ko sisi. Daga sana'arki za ki biya. To yi lissafi: in kika ranci N90,000 za ki biya cikin wata 3, N30,000 ke nan duk wata, wato kamar N7,500 duk mako, ban da zubinki da duk abin da dokar ƙungiya ta ɗora. In ribarki a mako N5,000 ce, kuma a ciki ake cefane, lissafin bai fita ba tun kafin a buɗe akwati. Ƙarshenta ki ci jari, ko ki ranto a wani wuri ki biya nan, ko ki fara ƙin zuwa taro don kunya. Kuma kuɗin da ya maƙale na sauran mata ne, har da wadda ke jiran ta sayi taki.

Shawarata ita ce:

A fara tanadi da wuri. N2,000 duk mako, a shekara N104,000 ne, a shekara biyu N208,000. Iyayenmu tun yarinya tana ƙarama suke tara mata kwano ɗaya-ɗaya, kuma dabarar tana aiki har gobe. Abin da ba ya lalacewa, kamar tukwane da kwanuka, a saya da kaɗan-kaɗan, hakan ma yana kare ki daga tashin farashi. Gado, labule da leda kuwa a jira sai an ga ɗaki.

In da hali, a daidaita lokacin sayayya da rabon ƙarshen zango, ki yi aiki da kuɗinki na kanki.

In rance ya zama dole, ya zama ɗan ciko ne na layin dole, wanda ribar mako za ta iya biya ba tare da an taɓa jari ba. Ba a rance don layin ƙawa.

Asusun taimakon gaggawa na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa. Biki ba gaggawa ba ne, an san da zuwansa.

Gyaran shago daban ne, don yana iya ƙara ciniki. Duk da haka ki tambayi kanki: mutum nawa zai ƙaru, kuma cikin wata nawa kuɗin zai dawo? Benci mai kyau, haske da madubi sukan fi silin mai ado jawo masu kitso. In kuma ɗakin taron ƙungiya ne ko shagonta, a kawo ƙiyasin gaban kowa, a amince, a rubuta a littafi, mata biyu su tsaya a kan aikin, kuma kada ma'aji ta zama ita ce mai sayayya.

ALAMUN DA ZA SU SA KI JA BAYA

- Ta ƙi rubuta ƙiyasi, tana cewa "ai mun zama ɗaya".
- Tana son kuɗi duka kafin ta fara.
- Ba ta da aikin da za ki je ki gani.
- Tana hana ki zuwa shago ko ganin rasit.
- Tana kawo miki zancen ɗakin 'yar wance don ki ji kunya ki ƙara.
- Farashinta ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado.

RANAR KARƁAR AIKI

Ki je da rana, da takardarki da shaidarki. Ki bi layi-layi. Ki zauna a kan gado ki girgiza shi, ki ja kowace durowa, ki buɗe ƙofar sif ki rufe, ki ja labule, ki duba sunan katifa da kaurinta ko su ne aka rubuta. Ragowar fenti, yadi ko tayil naki ne, ki karɓa ki ajiye don gyara. Abin da bai yi ba a gyara kafin ciko ya fita. In komai ya yi, ki biya ta haƙƙinta nan take ba ja-in-ja, ki kuma faɗa wa 'yan ƙungiya ta iya aiki. Ita ma sana'a take yi, kuma yadda muke son a riƙe mana amana, haka za mu riƙe mata.

Na san abin da ke tsorata iyaye shi ne bakin 'yan ganin ɗaki. Za su zo, su duba, su yi magana, kafin magariba kowa ta koma gidanta. Babu wadda za ta zo ranar biyan bashi. Ɗaki mai tsabta, mai kayan da za a yi amfani da su, da uwar da jarinta yake nan tana iya leƙa 'yarta da ɗan abin hannu, ya fi ɗakin da ya cika maƙil uwar tana ɓuya.

AIKIN TARO MAI ZUWA

1. Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya jera kayan ɗakin amarya yadda ake yi a garinku, ya raba su layin dole, layin "in da hali" da layin ƙawa. Ku kwatanta, ku ga inda kuka saɓa.

2. Mata biyu su jiyo farashin abubuwa biyar na layin dole ranar kasuwa, a rubuta a bayan littafin ƙungiya da kwanan wata.

3. Mata biyu su gwada a gaban kowa: ɗaya uwar amarya, ɗaya mai tsara ɗaki da ke son a ƙara kaya. A ga yadda za a ce a'a cikin ladabi.

4. Ku tattauna: dokar ƙungiyarmu ta ce wani abu a kan rancen biki? In ba ta ce ba, me ya kamata mu rubuta?

Duk mai biki a gaba ta zo da takardarta, ni ko magatakarda za mu zauna da ita mu yi lissafin tare, kuma maganar ba za ta fita ba. Allah Ya sa albarka a abin da muke tarawa, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu.